Shawarar da Ba Ta Ɗaure Kowa: Nazarin Harshen Rahoton Kwamitin Muhalli na Majalisar Birtaniya kan Tufafi (2019) da Amsar Gwamnati

0. Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce mu yi nazarin takardu biyu da suka fito daga Birtaniya a shekarar 2019. Ta farko rahoto ce na wani kwamitin majalisar dokoki game da ɓarnar da sana'ar tufafi ke yi wa muhalli, ta biyu kuma amsa ce da gwamnati ta mayar. Mun zaɓe su ne saboda dalilai biyu. Na ɗaya, ba safai ake samun tambaya da amsarta a rubuce, kowace da ranarta, ta yadda mai nazarin harshe zai iya jera su ya auna abin da kowace jimla ta aikata. Na biyu, wani kaso na tufafin da ake magana a kansu yana ƙarewa cikin dilolin gwanjo da ake saukewa a tashar Lome, su hauro zuwa Yamai da Maraɗi da Damagaram.

Ra'ayin da muke karewa shi ne cewa rahoton ya yi ƙarfi wajen tara hujja, amma jimlolinsa na neman aiki ba su da abin da zai sa su ɗaure wanda aka faɗa wa, kuma amsar gwamnati an gina ta ne kan wannan giɓi. A ƙarshe za mu duba abin da hakan ke koya mana game da kalmomin da za mu zaɓa da Hausa.

1. Kwamitin da iyakar ikonsa

An kafa kwamitin, wanda ake kira Environmental Audit Committee, a Majalisar Wakilai ta Birtaniya a shekarar 1997, farkon mulkin Tony Blair. Yawancin kwamitocin wannan majalisa kowane yana bin ma'aikata guda ne. Shi wannan an ba shi damar shiga aikin kowace ma'aikata, ya auna yadda manufofinta suka dace da kare muhalli da ci gaba mai ɗorewa. Membobinsa sun fito daga jam'iyya mai mulki da ƴan adawa. Yana gayyatar ministoci da masana da shugabannin kamfanoni ya yi musu tambayoyi a bainar jama'a, sannan ya buga rahoto. Bisa al'adar majalisar, gwamnati takan amsa a rubuce cikin wata biyu.

Iyakar ikon ke nan. Kwamitin ba ya kafa doka, ba ya hana ma'aikata kuɗi, ba ya sauke minista. Gwamnati tana da nauyin ta amsa, amma ba ta da nauyin ta yarda. Duk nazarin da ke tafe ya dogara ne kan wannan bambanci.

2. Takardun biyu

Rahoton mai suna Fixing Fashion ya fito ranar 19 ga Fabrairu 2019, lokacin da Mary Creagh ta jam'iyyar Leba ke shugabancin kwamitin. Kafin fitowarsa kwamitin ya rubuta wa manyan dillalan tufafi 16 yana tambayarsu matakan da suke ɗauka. Rahoton ya nuna cewa mutumin Birtaniya ya fi na kowace ƙasar Turai sayen tufafi, kuma kimanin ton 300,000 na tufafi ke shiga kwandon sharar gidaje kowace shekara, a binne ko a ƙone. A wannan lokaci jama'a ba su manta ba da labarin da ya fito a 2018 cewa kamfanin Burberry ya ƙone kayan da ba su sayu ba na fam miliyan 28.6 cikin shekara guda.

Rahoton ya ƙunshi shawarwari 18. Wadda ta fi shahara ita ce a ɗora wa masu kayan peni ɗaya a kan kowace riga, abin da bai kai dala biyu ba a kuɗinmu na sefa, kuma aka ƙiyasta zai tara kusan fam miliyan 35 a shekara don tattara tsofaffin tufafi da sake sarrafa su. Sauran sun haɗa da hana ƙona ko binne kayan da ba a sayar ba, da wajabta wa dillalan da cinikinsu ya wuce fam miliyan 36 a shekara wasu ma'aunai na kare muhalli, da rage haraji a kan gyaran tufafi.

Amsar gwamnati ta fito ranar 18 ga Yuni 2019, wato bayan wata huɗu. Ba ta karɓi ko ɗaya daga cikin shawarwarin ba a yadda aka kawo su. Game da penin, ta ce batun ɗora wa masu kaya nauyin shararsu yana cikin abubuwan da za a duba kafin ƙarshen 2025. Game da ma'aunai na dole, ta nuna wani shiri da kamfanoni ke shiga bisa son ransu. Game da hana ƙonawa da binnewa, ta ce samar wa tsofaffin tufafi mafita ya fi kafa hani.

3. Abin da jimlolin suka aikata

3.1. Aikin furuci

Tun littafin Austin na 1962, wanda aka fassara da Faransanci a 1970 da sunan Quand dire, c'est faire, masu nazarin harshe sun saba bambanta jimlar da ke ba da labari da jimlar da ke aikata abu. A nan za mu kira na biyun aikin furuci (acte de langage). Bahaushe ya san shi sarai. A wurin ɗaurin aure, idan waliyyin amarya ya ce ya bayar, wakilin ango ya ce ya karɓa, gaban shaidu, aure ya ɗauru. Idan wani ɗan kallo ya furta kalmomin nan ɗin, da lafazi mai kyau da nahawu daidai, babu abin da ya faru. Benveniste ya nace kan wannan sharaɗi a 1963, cewa irin wannan furuci ba ya tabbata sai daga bakin mai ikon furta shi, kuma Bourdieu ya ƙara da cewa ikon ba cikin kalmomin yake ba, daga waje yake zuwa musu.

Idan muka bi rabon Searle, shawarwarin kwamitin suna cikin rukunin neman aiki (directifs), inda mai magana ke son mai sauraro ya yi wani abu. Wannan rukuni ya ƙunshi umurni da roƙo da shawara, kuma siffar jimla ba ta isa ta raba su ba. Rahoton yana amfani da kalmomin wajabci, irin waɗanda za mu fassara da «ya kamata» ko «dole ne», amma matsayin kwamitin, kamar yadda muka nuna a sashe na 1, na mai shawara ne. Saboda haka siffar ta umurni ce, ƙarfin kuwa na shawara ne. Mai karatu da bai san tsarin majalisar ba, ko mai fassara da ya bi siffa kawai, zai ɗauka an yanke hukunci. Jaridu da dama sun ba da labarin penin a Fabrairu 2019.

3.2. Amsar da ke guje wa alkawari

Amsar da ta dace da neman aiki ita ce ko dai ƙi, ko alkawari (commissif), wanda ke ɗaure mai magana da kansa. Abin lura a takardar gwamnati shi ne yadda take bi tsakanin biyun. Ga misalai na Hausa, namu ne, ba fassarar jimlolin takardar ba ne, don nuna matakan:

(1) Mun hana.
(2) Za mu hana daga 1 ga Janairu.
(3) Za mu duba.
(4) Za a duba.
(5) Mâ duba.

A (1) aikin ya auku da furucin. A (2) akwai mai aiki, da aikin, da rana, don haka ana iya dawowa a ce an saɓa. A (3) mai aiki yana nan, amma abin da ya ɗauka wa kansa shi ne dubawa, wanda babu shaidar da za ta nuna an yi ko ba a yi ba. A (4) wakilin suna «a» ya ɗauke mai aikin, babu wanda za a kama. A (5) kuwa mun shiga lokaci mai zuwa na biyu, wanda masu nahawu ke kira potentiel, inda mai magana ke nuna abin yana iya faruwa ba tare da ya jingina kansa da shi ba. Duk wanda ya taɓa neman bashi aka ce masa «mâ gani» ya san abin da aka ba shi.

Amsar ta 2019 tana zaune ne tsakanin (3) da (5). Tsarinta yana maimaituwa daga shawara zuwa shawara. Da farko takan amince cewa matsalar tana nan, abin da ke ba mai karatu jin an yarda da shi. Sai ta ambaci wani shiri da ya riga ya wanzu, ta yadda neman sabon aiki zai zama kamar neman abin da ake yi. Daga nan ta tura ragowar zuwa gaba. Shekarar 2025 da aka ambata tana kama da rana irin ta (2), amma tana haɗe da aikatau irin na (3): wa'adin na dubawa ne, ba na aiwatarwa ba. Jam'iyyar da ta sa wa'adin ta bar mulki a Yuli 2024 ba tare da an ɗora penin ba.

3.3. Lokacin da shawara ta ci

Ba daidai ba ne a ce maganar kwamitin kullum iska take bi. A Agusta 2016 ya nemi a hana ƙananan ƙwayoyin roba da ake zubawa cikin sabulun wanke fuska da makamantansu, waɗanda ke bin ruwa zuwa teku. Cikin wata mai bi gwamnati ta sanar za ta hana, kuma hanin ƙera su ya fara aiki a Janairu 2018. Siffar jimlolin ba ta bambanta da ta 2019 ba. Abin da ya bambanta yana waje da harshe: Amurka ta riga ta yi irin wannan doka a 2015, manyan kamfanoni sun riga sun fara janye ƙwayoyin, kuma hanin bai taɓa ribar kowa sosai ba. Shawara ta ci ne a inda wanda aka ba ya riga ya karkata. Wannan yana ƙarfafa ra'ayin Bourdieu, kuma yana nuna cewa gyaran lafazi kaɗai ba zai ba kwamiti ikon da tsari bai ba shi ba.

Kwatanci da Faransa yana ƙara haske. Tun 2007 doka ta ɗora wa masu sa tufafi a kasuwar Faransa biyan kuɗin tattara su, kuma dokar 10 ga Fabrairu 2020 ta hana lalata kayan da ba a sayar ba, hanin da ya hau kan tufafi daga 1 ga Janairu 2022. Abubuwa biyu da suka tsaya a matsayin shawara a Landan sun zama jimla irin ta (1) a Paris, saboda sun bi ta hanyar doka.

4. Inda rahoton ya gaza

Muna ganin rauni biyu a rahoton kansa, ban da abin da tsari ya ɗora masa.

Na farko shi ne yawan shawarwarin. Goma sha takwas sun taɓa haraji da albashin ma'aikata da manhajar makaranta da zaren roba a teku, ba tare da an ware guda biyu ko uku an ce a kansu za a yi hisabi ba. Mai amsa da aka ba tambayoyi da yawa yana da damar ya tsawaita a kan masu sauƙi, ya taƙaita a kan masu nauyi, kuma takardarsa ta fito da kauri kamar ta wanda ya amsa komai.

Na biyu ya shafi kalmar «shara». Adadin ton 300,000 yana ƙidaya abin da ya shiga kwandon gidajen Birtaniya. Rigar da aka ba ƙungiyar agaji, aka ɗaure cikin dila aka fitar da ita ƙasar waje, ana lissafa ta cikin abin da aka sake amfani da shi. Amma a kasuwar Kantamanto ta Accra, inda ake ƙiyasta riguna miliyan 15 ke shiga kowane mako, masu bincike a wurin sun ƙiyasta kusan kashi 40 cikin 100 suna fita a matsayin shara. Duk ɗan gwanjon da ya taɓa kwance dila ya san akwai na sama, akwai na tsakiya, akwai kuma tsumman da ba mai saye. Abu ɗaya yana da suna biyu gwargwadon gaɓar tekun da aka tsaya, kuma kwamitin, da yake wakilin masu zaɓen Birtaniya ne, ya ɗauki sunan da ke gefensa. Kuɗin da ya nema a tara don inganta tattarawa da rarrabewa a cikin gida ne, alhali wani ɓangare na zubarwar a wata nahiya yake aukuwa.

Duk da haka dole a faɗi abin da rahoton ya cim ma. Ya tilasta wa gwamnati ta rubuta ƙinta, da rana da dalili. Saboda wannan rubutu ne kwamitin ya iya sake buɗe batun a 2020 ƙarƙashin sabon shugabansa Philip Dunne. Kuma a 2024 aka naɗa Mary Creagh ƙaramar minista a ma'aikatar muhalli, wato wadda ta sa hannu a tambayar ta koma kujerar masu amsa, da tambayar tata a ajiye inda kowa zai iya karantawa.

5. Kalmomin sa ido

Wannan ya kai mu ga fassara. Kalmar audit, wadda Ingilishi da Faransanci duka ke amfani da ita, ta fito daga aikatau na Latin mai ma'anar ji, domin a da karanta lissafi ake yi da baki mai bincike yana saurare. Kalmar contrôle kuwa daga contre-rôle take, wato rajista ta biyu da ake ajiyewa don a gwada ta da ta farko. A cikin kalmar akwai takardu biyu da mutum biyu.

A rediyo da jaridu an fi fassara contrôle parlementaire da «sa ido». Fassarar tana da sauƙin ji, amma mai sa ido kallo yake yi, kuma kalmar ba ta ɗora wa wanda ake kallo komai ba. «Bincike» yana nuna aikin lokaci guda, bayan an yi zargi, don haka ya fi dacewa da enquête. «Bin diddigi» ya fi kusa, domin yana ɗauke da ci gaba da bi bayan an yi magana, abin da ya faru a 2020. «Bin bahasi» yana da abin da sauran ba su da shi, wato wajabcin wanda aka tambaya ya yi bayani. Shawararmu ita ce a ware: «bin diddigi» ga aikin kwamiti na yau da kullum, «bin bahasi» ga zaman da ake kiran minista, «bincike» ga commission d'enquête, a bar «sa ido» ga ƴan jarida da ƙungiyoyi. Haka kuma kada a fassara recommandation da «umurni», ko da jimlar ta zo da «dole».

Akwai irin wannan matsala a «ci gaba mai ɗorewa». Bayan rahoton Brundtland na 1987, Faransanci ya yi ta kai da komo tsakanin durable da soutenable, na farko ya yi rinjaye, Hausa kuma ta bi shi. «Ɗorewa» tana magana kan tsawon lokaci. Ma'anar ɗaya, wato abin da ƙasa da ruwa za su iya ɗauka, Hausa tana da siffarta a aikatau mai ƙarewa da -u, kamar yadda «yiwuwa» take daga «yi»: da sai a ce «mai ɗaukuwa». Ba muna neman a sauya kalmar da ta riga ta zauna ba ne. Muna nuna cewa kwamitin da ke tambaya ko shiri zai ɗore, da wanda ke tambaya ko ƙasa za ta ɗauke shi, ba tambaya ɗaya suke yi ba.

6. Abin da ya shafi Nijar

Ƙasarmu ba ta rasa rubutattun alkawura kan muhalli ba. Akwai Alkawarin Maraɗi na Mayu 1984 kan yaƙi da hamada, da hukumar CNEDD da aka kafa a 1996, da doka mai lamba 98-56 ta 29 ga Disamba 1998 kan kula da muhalli, da aya ta 35 ta tsarin mulkin 25 ga Nuwamba 2010 da ta ba kowa haƙƙin zama a muhalli mai lafiya. CNEDD tana ƙarƙashin ofishin firaminista ne, don haka rajista ta farko ce, ba ta biyu ba. Rajista ta biyu ita ce majalisar dokoki, wadda a ƙarƙashin wancan tsarin mulki take da tambayoyi na baki da na rubutu da kiran minista da kwamitin bincike, har zuwa lokacin da aka dakatar da tsarin a Yuli 2023.

Doka mai lamba 2014-63 ta 5 ga Nuwamba 2014 ta hana ƙera leda mara kauri da shigo da ita da sayar da ita. Wannan jimla ce irin ta (1), daga bakin mai iko, ba shawara ba. Amma leda tana rataye a ƙayoyin bakin garuruwanmu, mahauta kuma suna ciro ta daga tumbin dabbobi. Matsalarmu ke nan ta juya ta Birtaniya: can an yi tambaya ba a samu doka ba, nan an samu doka, abin da ake bukata shi ne mai komowa da tambaya, ton nawa aka kama a kan iyaka, a wace shekara, wa aka ci tara. Kuma a wancan lokaci, ko da depite ya yi tambayar da Hausa ko Zarma a zauren majalisa, takardun da ake ajiyewa da Faransanci suke, harshen da mahaucin da makiyayin ba sa karantawa.

7. Kammalawa

Kundin da aka ƙaddamar a Maris 2025 ya sanya Hausa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, kuma majalisar da aka girka a Yuni 2025 sunanta da kansa ya ce ta shawara ce. Wannan yana nufin za a bukaci kalmomin hukuma da Hausa fiye da da, kuma waɗanda aka fara rubutawa su ne za su zauna. Nazarin takardun 2019 ya nuna cewa mai shawara ma yana iya barin abu mai amfani, muddin an wajabta a amsa masa a rubuce cikin wa'adi, kuma an ajiye tambaya da amsa wuri guda. Aikin da ya rage ga sashenmu shi ne tattara fassarorin da rediyo da jaridun Hausa suka riga suka yi wa contrôle, interpellation, recommandation da engagement, a jera su bisa matakan (1) zuwa (5), a ga inda fassara ta ƙara wa jimla ƙarfin da ba ta da shi da inda ta rage mata. Muna gayyatar ɗaliban da ke neman batun kundin digiri su duba wannan fage.